Waiwaye: Asalin Takaddamar Neman Afuwa Tsakanin Meziko da Sifaniya

A watan Maris na 2019 shugaban Meziko na lokacin, Andrés Manuel López Obrador, ya aika wa Sarki Felipe na Shida na Sifaniya wasiƙa, yana neman Sifaniya ta ba da haƙuri kan abin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar lokacin mamaya. Gwamnatin Sifaniya ta yi watsi da buƙatar, tana cewa ba a auna abin da ya faru shekara 500 da suka wuce da ma'aunin yau. Maganar ta ci gaba da ruruwa, har a 2024 Claudia Sheinbaum, wadda ta gaji López Obrador, ta ƙi gayyatar sarkin bikin rantsar da ita, Sifaniya kuma ta ƙaurace wa bikin.

Tushen rigimar yana 1492. A shekarar Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗa hannun sarakunan Sifaniya, Ferdinand da Isabella, a shekarar kuma suka ɗauki nauyin tafiyar Kolumbus da ta kai shi nahiyar Amurka. Hernán Cortés ya sauka gaɓar Meziko a 1519 da 'yan ɗaruruwan mayaƙa. Da su kaɗai ba zai iya cin Tenochtitlan, babban birnin daular Aztek, ba. Dubban mutanen Tlaxcala da ke jin haushin Aztek ne suka mara masa baya, agana kuma ta riga ta ɗaiɗaita birnin kafin ya faɗi a Agusta 1521. A 1532 wani jagoran mayaƙan Sifaniya, Pizarro, ya kama sarkin daular Inka ta Peru, Atahualpa, ya karɓi fansar zinariya cike da ɗaki, sannan aka kashe shi.

Amma azurfa ce ta riƙe daular Sifaniya. A 1545 aka gano ta a dutsen Potosí, a Boliviya ta yau, wuri mai tsananin sanyi, kimanin mita 4,000 sama da teku. Daga shekarun 1570 aka ɗora wa garuruwa aikin tilas, kowace shekara namiji ɗaya cikin bakwai ya tafi ma'adini. Suna hawo tsani daga cikin rami da dutse a baya, fitilarsu kyandir, wasu kuma suna cuɗa garin dutse da zaiba mai guba don tace azurfar. Sarki yana ɗaukar humusi. Wata azurfar ta nufi birnin Sabiliya na Sifaniya, wata ta bi jiragen ruwa daga Acapulco ta Meziko zuwa Manila aka musanya ta da siliki na Sin.

A nan ne hujjar Sifaniya take da rauni a ganina, domin tun a wancan zamanin 'yan ƙasarta suka ce zalunci ne. A 1511 limamin coci Antonio de Montesinos ya tsaya a Santo Domingo ya tambayi masu gonaki da wane iko suke bautar da mutanen nan. Wani limamin kuma, Bartolomé de las Casas, ya kwashe shekaru yana kai ƙara fada, har aka kafa Sababbin Dokoki a 1542 da suka haramta bautar da 'yan asalin ƙasa. Masu gonakin Peru suka yi tawaye, aka sassauta wani sashe na dokokin. Bayin da ake kawowa daga Afirka kuwa dokar ba ta shafe su ba.

Meziko ta sami 'yanci a 1821, Kuba da Filifins suka kuɓuce a 1898, Yammacin Sahara kuma sai 1976 Sifaniya ta fice daga cikinta ba tare da an yi ƙuri'ar raba gardama ba. Ita ma Meziko tana da nata laifin, shi ya sa a 2021 López Obrador ya nemi afuwar al'ummun Maya da Yaqui kan abin da gwamnatocin ƙasar suka yi musu bayan tafiyar Turawa.