Waiwaye: Mai jinya a Zariya, daga Wusasa zuwa Shika

Duk asibitin da ka shiga a Zariya bayan sallar isha'i, kafin ka ga likita za ka ga tabarmi. Wasu a baranda, wasu a gindin bishiya, wasu an cusa su ƙarƙashin gadon mara lafiya. A kan kowace akwai mutum da buta da fulas da ƙullin kaya, ya baro gona ko shago ko 'ya'ya a gida. Shi ake miƙa wa takardar magani ya ruga kemis, shi ke neman mai ba da jini, shi ke zubar da fo, shi ke tashin nas da tsakar dare idan ƙarin ruwa ya ƙare. Hausa ba ta raba shi da ma'aikaciyar asibiti da nisa ba: wannan mai jinya, waccan ma'aikaciyar jinya. Amma ɗaya tana da suna a takardar albashi, ɗayan kuwa ko a fayil ɗin mara lafiya ba a rubuta cewa ya kwana ba.

Maganar yadda kulawa ke raya mutum ko ta kashe shi ba sabuwa ba ce. A 1854 Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Scutari a ƙasar Turkiyya lokacin yaƙin Kirimiya. Mutane sun fi tuna ta da fitila a hannu, amma abin da ya sauya aikin jinya shi ne lissafinta. Ta tattara adadin waɗanda suka mutu, ta nuna cewa cututtukan ƙazanta da cunkoso sun fi harsashi cin sojoji. Da wannan hujja ta tunkari hukuma, kuma a 1860 aka buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan. Tun daga tushe ke nan, jinya ta zamani da ƙidaya tare aka haife su.

A Zariya, maganin Bature ya shigo da ƙafar mishan da ta 'yan mulkin mallaka. Dokta Walter Miller ya zauna cikin birni tun 1905, kuma a 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, inda asibitin St Luke ya kafu ya kuma horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi. A faɗin ƙasa, an kafa hukumar ungozomomi a 1930, ta ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe su wuri guda a 1979. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen digirin jinya a 1965. Kafin nan, har da shekaru masu yawa bayan nan, horon nas horon hannu ne: ga yadda ake allura, ga yadda ake wanke ciwo, ga yadda ake bin umarnin likita. Ba a tsammanin ta yi tambaya, balle ta rubuta amsar.

Abin da ya mai da Zariya wurin da duniya ta sani a harkar lafiya shi ne Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, da asibitin koyarwarta da ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1960 a Tudun Wada, da rassa a Kaduna da Malumfashi, kafin ya tare a Shika a 2005. A tsohon asibitin nan aka yi bincike guda biyu da har yau ake ambato, kuma duka biyun, idan ka karanta su da idon basira, labarin masu jinya suke bayarwa.

Na farko shi ne na ciwon zuciyar masu jego. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan matan da ake kawowa 'yan makonni bayan haihuwa, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana sarƙewa, zuciya ta gaza. Suka bi mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978. Abin da suka zarga ba ƙwayar cuta ba ce. Wankan jego ne da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Wa ke dafa ruwan? Wa ke dama kunun? Uwa ce, ko kaka, ko gwaggo, mutanen da suka fi kowa son mai jegon, suna yin abin da aka yi musu. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya sa alamar tambaya a kan wannan bayani, ya karkata ga ramar jiki da talauci da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Ko wanne ya fi gaskiya, amsar tana tsakar gida, a tukunya da murhu, ba a ɗakin tiyata ba.

Na biyu ya fi girma. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka rubuta bayanan haihuwa 22,774 a jere, aka buga rahoton a 1985. Suka gano cewa mafi yawan matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, an kawo su ne bayan doguwar naƙuda ko jijjiga ko zubar jini sun gama galabaitar da su. Suka kuma ga cewa yarinyar da ta yi ciki tun ƙashinta bai gama ƙwari ba da matar da ta haihu da yawa su ne suka fi shiga haɗari, kuma matar da ta yi karatu ta fi tsira nesa ba kusa ba. Sunan likita ne a bangon rahoton, kuma ya cancanci yabon. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin haihuwa ya san hannun da ke cika rajista da ƙarfe uku na dare, ya auna jariri, ya rubuta awa nawa aka yi ana naƙuda. Sannan tambayar da alƙaluman suka bari a buɗe ta jinya ce tsantsa: wa ke yanke shawarar a tafi asibiti, me ya sa aka jira maigida ya dawo, wa ya zauna da ita a kwana biyun da aka ɓata.

A daidai wannan zamani, a wasu ƙasashe, ma'aikatan jinya sun fara ɗaukar alƙalami da kansu. A Amurka mujallar binciken jinya ta fara fitowa a 1952. A Ingila wata nas mai suna Doreen Norton ta nuna a 1962 cewa gyambon kwanciya ba ƙaddarar tsufa ba ne, ana hana shi ta hanyar juya mara lafiya a kai a kai, ta kuma tsara ma'aunin gane wanda ya fi kusa da kamuwa. A 1980 Steven Zarit, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya fito da jerin tambayoyin auna nauyin da ke kan mai jinya a gida: barcinsa, lafiyarsa, aljihunsa, zumuncinsa. A 2002 wata nas mai suna Linda Aiken ta bi asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, ta ga cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. A 2014 aka sake ganin kusan haka a ƙasashen Turai tara, har da ƙarin cewa inda masu digiri suka fi yawa cikin nas-nas, mutuwa ta fi raguwa.

Na san darajar aikin Norton tun kafin in san sunanta. Shekarun baya baffana ya samu shanyewar ɓarin jiki, na yi sati uku a tabarmar wani asibiti. Kwana huɗu na farko ina ganin na cika aikina: na ba shi koko, na goge masa jiki, na sayo duk abin da aka rubuta. Ban juya shi ba, don ina tsoron in fama masa. A dare na biyar wata sista mai manyan shekaru ta ɗaga zanin gado, ta nuna mini wani jan tabo a ƙugunsa. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya koya maka jinya?" Na ce babu. Ta ce, "To tashi. Baba, yi haƙuri za mu motsa ka." Ta nuna mini inda zan sa hannu a kafaɗa da ƙugu, inda matashi zai shiga tsakanin gwiwoyi, ta ce kowace awa biyu, dare da rana, kuma kada in bar shimfiɗa a jiƙe. Ta ƙara da cewa in ɗaga kansa sosai kafin in ba shi abinci, in ya ƙware in tsaya. Duka bai kai minti goma ba. Tabon ya ɓace. A gadon da ke kusa da namu, tsohon da aka kawo daga gida da rami a baya bai yi wannan sa'ar ba, kuma 'yarsa ba ta fi ni sakaci ba, ba ta dai samu mai nuna mata da wuri ba.

Abin da ke damuna ke nan. Minti goman nan sa'a ce, ba tsari ba. Ya danganta da nas ɗin da kuka gamu, da yawan gadajen da aka bar mata a daren. Gadajen kuwa ƙaruwa suke yi, domin a farkon 2024 magatakardan hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa ya ce sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekaru uku. Duk nas da ta tafi Ingila ko Saudiyya, aikinta ba ya bin ta, yana faɗawa kan mai tabarma. Haka kuɗi: fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita, kuma duk da dokar inshorar lafiya ta 2022, manomin Giwa ko mai saƙa a Kwarbai har yanzu akuya ko buhun masara yake sayarwa. Wanda ke zaune gefen gado shi ne ma'aji, shi ne ɗan aike, shi ne ke yanke shawarar sa hannu a tafi gida idan kuɗi sun ƙare.

Akwai masu cewa ai wannan zumunci ne, lada ake samu, bai kamata a sa masa ma'auni ba. Na yarda da ladan, kuma ba na fatan ranar da za a hana dangi zama kusa da nasu. Mara lafiyar da ya buɗe ido ya ga fuskar da ya sani ya fi cin abinci, ya fi yarda da magani. Amma lada ba ta hana ciwon baya, ba ta mayar da yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da kakarta, ba ta koya wa mutum sa robar abinci. Mafi yawan wannan nauyi mata ke ɗauka, kuma kunya ba ta barin su su ce sun gaji. Mai zuwa dubiya zai ce "Ya mai jiki?" sau goma kafin ya ce "Sannu da jinya" sau ɗaya.

Yanzu abubuwa sun fara motsi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen kimiyyar jinya da ke ba da digiri har zuwa na gaba da na farko, kuma ɗalibai suna rubuta kundaye a kan masu jinyar ciwon daji da sikila da taɓin hankali. Sai dai yawancin irin wannan aiki takardar tambayoyi ce da aka ɗauko daga waje, a raba wa mutane kaɗan a rana ɗaya, a ɗaure a ajiye a kanta. Tambayar da aka tsara wa wanda ke zaune shi kaɗai da tsohuwarsa a Amurka ba lallai ta kama gidan da ke da kishiyoyi da surukai da jikoki ba, inda hannaye suke da yawa amma nauyin a kan mutum ɗaya yake. Ko kalmar "nauyi" kanta, ka tambayi Bahaushiya ko mahaifiyarta ta zame mata nauyi, za ta ce a'uzu billahi, ko da kwana uku ba ta runtsa ba. Nas ɗin da ta tashi a Tudun Jukun ko Samaru ta san yadda za ta zagaya ta yi tambayar har a ba ta amsar gaskiya.

Irin aikin da Harrison ya yi wa haihuwa nake son in ga nas-nas ɗinmu sun yi wa jinya, da irin haƙurinsa: shekaru a jere, kowane gado, ba zaɓe. A ƙara layi a fayil, a rubuta wa ke jinya, mece ce dangantakarsu, kwana nawa ya yi, me aka koya masa kafin sallama. A bi su gida bayan wata ɗaya a ga wa ya dawo da gyambo, wa ya daina shan maganin hawan jini, wace mai jinya ce ita ma ta kwanta. A gwada a ɗaki guda a koya wa kowane mai jinya juyi da ciyarwa a ranar farko, da Hausa, a kwatanta da ɗakin da ba a yi ba. Wannan ba ya buƙatar injin da za a sayo da dala. Rajista ce, da biro, da shugabar sashe da za ta ba nas awa biyu a mako ta zauna ta haɗa lissafi, da hukumar asibiti da za ta karanta abin da aka kawo mata.