Majami'ar Las Lajas ba ta kai tsufan da ake zato ba

An daɗe ana cewa majami'ar Katolika ta Las Lajas, wadda ke manne da dutse a kwazazzabon kogin Guáitara a kudancin Kolombiya, gini ce ta ɗaruruwan shekaru, kuma wanda ya ga tsinin hasumiyoyinta ba zai ga laifin masu wannan zato ba. Sai dai an fara ginin a 1916, aka kammala a 1949. Abin da ya tsufa shi ne labarin da ake bayarwa cewa Maryamu ta bayyana a wurin ga wata mata da 'yarta kurma a 1754. Mai son tantance irin wannan ya bambanta shekarar labari da shekarar gini, ya kuma duba tsofaffin hotuna masu kwanan wata. Don Allah a isar da wannan bayani ga 'yan'uwa.