Sayen tsohon gida a gyara a sayar a Amurka: ina ake samun mai son sayarwa, kuma ina kuɗin ke zurarewa?

Duk wanda ke leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da wani matashi a Amurka yana ɗaga takardar cek, yana cewa ya samu dala 10,000 a gidan da ko ƙusa bai buga ba. 'Yan'uwanmu mazauna can, daga masu tuƙa tasi a Niyok har masu aikin asibiti a Tekzas, suna yawan tambaya ko abin gaskiya ne. Sana'ar sayen gida a sake sayarwa tana nan, kuma ba ƙarama ba ce: kamfanin tattara bayanan gidaje na ATTOM ya ƙirga gidaje sama da 400,000 da aka saya aka sake sayarwa cikin shekara guda a 2022. Sai dai bidiyon ba ya nuna lissafin.

Mece ce sana'ar, kuma me ya raba mai gyara da mai dillancin takarda?

Mai gyara yana sayen gidan da ya lalace da kuɗinsa ko da bashi, ya sa ma'aikata su gyara, ya sayar wa mai son zama a ciki. Gidan ya zama nasa na wasu watanni, duk abin da ya same shi a wuyansa yake.

Mai dillancin takarda kuwa ba ya mallakar gidan. Yakan je wurin mai gida su yi ciniki, su sa hannu a yarjejeniyar saye, ya ba da ɗan kafin alƙalami. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa yana iya miƙa ta ga wani. Kafin ranar biya ta zo, sai ya nemo mai gyara ya sayar masa da haƙƙin sayen. Idan ya ƙulla a kan dala 90,000 ya miƙa a kan 100,000, dala 10,000 da ke tsakani ita ce tasa. Shi ya sa masu ƙaramin jari suka fi rububinta. Abin da yake sayarwa a zahiri shi ne wahalar da ya sha wajen nemo mai gidan.

Me zai sa mutum ya sallama gidansa ƙasa da kuɗin kasuwa?

Matsuwa. Mai gidan da hankalinsa ke kwance zai kira dillali mai lasisi, a shafa fenti, a ɗauki hotuna, ya jira mai taya mai tsoka. Wanda ake nema a wannan harka shi ne wanda jira ya fi ƙarfinsa.

Na farko su ne magada. Tsohuwa ta rasu a Ditroit, 'ya'yanta uku suna jihohi uku, gidan cike da kayan shekara 40, haraji da inshora suna ta hawa. Ba wanda zai bar aikinsa ya zo kwashe kaya. Kuma dokar haraji tana taimaka musu: ana lissafa darajar gidan gado ne daga ranar rasuwa, don haka idan suka sayar da wuri, harajin riba kaɗan ne ko babu.

Sai wanda bashin gida ya sha kansa. A ƙa'idar tarayya, mai bin bashi ba ya fara ƙwace gida sai biya ya yi jinkirin fiye da kwana 120, kuma daga nan akwai sauran matakai kafin gwanjo. A wannan tsakanin mutum yana iya sayarwa, ya biya banki, ya tsira da ɗan canji da kuma sunansa. Akwai ma'auratan da suka rabu, akwai mai gidan haya da 'yan haya suka gajiyar, akwai wanda harajin gunduma ya taru a kansa, akwai wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Kusan kowanne rangwame a nan daga damuwar wani ya fito, kuma wanda ya manta da hakan shi ne ke ƙarewa a kotu ko a jarida.

To ta yaya ake gano su?

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne yawancin bayanan a buɗe suke. Ofishin gunduma yana da sunan mai kowane gida, adireshin da ake aika masa takardar haraji, da ko ana bin sa. Idan adireshin gidan daban, na wasiƙa daban, ka san mai shi ba ya zaune a ciki. Shari'o'in gado da sanarwar ƙwace gida su ma suna cikin rajistar kotu.

Amma hanyar da ta fi araha ita ce mota da ido. Ka shiga unguwa a hankali da safe. Ga gida ciyawa ta kai gwiwa alhali ta maƙwabta an aske. Akwatin wasiƙa ya cika har takardu sun jiƙe sun manne. An shimfiɗa shuɗin tamfol a kan rufi an danne da katako, taga ɗaya an toshe da falanki, a ƙofa kuma ga takardar gargaɗi ta hukumar gari rana ta kashe launinta. Ka rubuta lambar gidan, ka koma ka duba mai shi, ka rubuta masa wasiƙa. Maƙwabcin da ke wanke mota kuwa, in ka gaishe shi da ladabi, sau da yawa ya fi kwamfuta sanin inda mai gidan ya koma.

Wasiƙa ɗaya ba ta kawo ciniki. Masu harkar suna aikawa a kai a kai na watanni, domin wanda ya ce albarka a watan Maris yana iya kira a Satumba bayan tukunyar ɗumama gida ta mutu. Kuɗin tallan nan shi ne babban abin da mai dillancin takarda ke kashewa, kuma dole ya raba shi a kan cinikin da ya faɗa, ba a kan waɗanda ya yi fata ba.

Kiran waya da saƙon tes suna da tarko. Dokar tarayya ta 1991 kan kira da na'ura ta ba wanda aka dama damar neman dala 500 a kan kowane kira ko saƙo, har zuwa 1,500 idan da gangan ne. Allunan nan masu ruwan ɗorawa da ake kafawa a mararraba, masu cewa muna sayen gida kuɗi hannu, garuruwa da yawa sun hana su kuma suna cin tara.

Gwanjon gidajen da aka ƙwace fa? Ai nan araha take.

Nan ne ake cinikin biri a sama. A Tekzas da Jojiya ana yin gwanjon ne ranar Talatar farko ta kowane wata, galibi a harabar kotun gunduma, kuma biya nan take ne. Ba ka shiga gidan ka duba ba, wataƙila ma da mutane a ciki. Idan hukumar harajin tarayya tana bin tsohon mai gidan, tana da kwana 120 da za ta iya fansar gidan daga hannunka. A Tekzas, gidan zama da aka sayar saboda bashin haraji, mai shi yana da shekara biyu ya fanshe shi, ya biya ka da ƙarin kashi 25 a shekarar farko. Wa zai zuba kuɗin gyara a gidan da za a iya karɓewa? Sabon shiga ya bar wa tsofaffin hannu.

Nawa ya kamata a taya?

Akwai ma'aunin da kowa ke ambata, na kashi 70. Ka fara da abin da gidan zai yi bayan gyara, kuma wannan ba ra'ayinka ba ne: gidaje irinsa uku ko huɗu da aka sayar a unguwar cikin 'yan watannin nan su ne hujja. A misali, a ce dala 200,000. Kashi 70 ya zama 140,000. Ka cire kuɗin gyara, a ce 40,000. Abin da ya rage, 100,000, shi ne iyakar tayinka. Mai dillancin takarda kuma sai ya sauko ƙasa da haka don ya samu nasa.

A unguwanni masu tsada mutane suna hawa zuwa kashi 75 ko 80, domin ba mai sallamawa a 70. A gidaje masu arha sosai kuma kashi 70 ɗin ma ya yi yawa, tunda kuɗin rufi da na famfo ba sa raguwa don unguwa ta talakawa ce.

Kashi 30 ɗin da ya rage, duk riba ce ke nan?

Ina! A nan mutane ke ruɗuwa. Mu bi dala 60,000 ɗin nan mu ga inda za ta kwana. La'adar dillalai a wajen sayarwa ta daɗe tana tsakanin kashi 5 zuwa 6. Ko bayan sasantawar da ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta yi a 2024, wadda ta sauya yadda ake biyan dillalin mai saye, kuɗin bai gushe ba. A sa 10,000. Kuɗin takardu, binciken mallaka da inshorarta a saye da sayarwa, a sa 5,000. Idan ka ci bashin 120,000 daga masu ba da rancen gaggawa a kan kashi 12 a shekara, kuɗin ruwa 1,200 ne duk wata, ga 2,400 na buɗe bashin. Haraji, inshorar gidan da ba kowa, wuta, ruwa da aske ciyawa, a sa 600 a wata. Wato gidan yana cin 1,800 duk wata ko an yi aiki ko ba a yi ba. Wata shida, 10,800. Jimla 28,200. Riba ta koma 31,800.

Yanzu a ce an tona an tarar saiwar bishiya ta fasa bututun ƙazanta, 10,000 ta tafi. Izinin aiki ya yi jinkiri, ɗan kwangila ya ɓace mako uku, wata uku sun ƙaru, 5,400. Kasuwa ta yi sanyi ka rage 10,000 a farashi. Abin da ya rage maka bai kai 7,000 ba, bayan wata tara na zirga-zirga, kuma ba a cire haraji ba tukuna. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ya zama abin mamaki a wannan sana'a.

A wajen gyara, me ya fi cin kuɗi?

Abin da ido ba ya gani: harsashin gini, rufi, tsohuwar wayar wuta, bututun ƙasa, gara, da danshin da ya kama bango. Fenti da kafet kowa ya iya ƙiyasta su. Biyan mai duba gida 'yan ɗaruruwan daloli, har da zura kyamara cikin bututu, ya fi kowane kuɗin da za ka kashe amfani. Gidan da aka gina kafin 1978 ana ɗauka yana iya samun fenti mai dalma. Doka ta tilasta sanar da mai saye, kuma akwai ƙa'idar yadda ake kankare shi.

Ɗan kwangila a biya shi mataki-mataki, bayan an ga aiki. Duk wanda aka biya a karɓi takardar cewa ba ya bin komai, domin a Amurka kafinta ko mai kawo kaya da ba a biya ba yana iya ɗora bashinsa a kan gidan, sayarwa ta tsaya cak. A ware kashi 10 zuwa 20 na kuɗin gyara don abin da zai ɓullo. Kuma kada a gyara gidan ya wuce unguwarsa. Dutsen marmara a kicin ba ya ɗaga farashin layin da kowa ke sayarwa 200,000.

Manyan kamfanoni masu kwamfuta ai ba sa faɗuwa?

Kamfanin Zillow, mai babban shafin intanet na bayanan farashin gidaje a ƙasar, ya shiga sayen gidaje da lissafin na'ura. A Nuwamban 2021 ya rufe sashen, ya rage darajar gidajen da ke hannunsa da kimanin dala miliyan 304 a wata uku, ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Ya saya da tsada, ma'aikatan gyara kuma suka yi ƙaranci. Bayan haka kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30, da ya sauka zuwa kashi 2.65 a Janairun 2021, ya kusa kashi 8 a Oktoban 2023, masu saye suka ja baya.

Doka ta yarda da dillancin takarda? Addini fa?

Ya danganta da jiha. Ilinoi tun 2019 ta ce wanda ya yi fiye da ciniki ɗaya irin wannan cikin wata 12 sai da lasisin dillanci. Oklahoma ta bi sahu a 2021, birnin Filadelfiya ma yana da nasa lasisin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2023 kafar bincike ta ProPublica ta wallafa rahoto kan wasu wakilan kamfanin sayen gidaje na HomeVestors, mai taken We Buy Ugly Houses (wato muna sayen munanan gidaje), inda ta nuna yadda aka ƙulla ciniki da tsofaffi da marasa lafiya a farashin da bai dace ba. A ganina, wanda ba zai iya gaya wa mai gida a fili cewa shi ba mai saye ba ne, zai miƙa takardar ga wani ya ci riba, to cinikinsa yana da lauje cikin naɗi.

Ga Musulmi akwai ƙulli biyu. Rancen gaggawa kuɗin ruwa ne tsagwaronsa. Masu guje masa suna haɗa jari, wani ya kawo kuɗi wani ya tsaya kan aiki, a raba riba da faɗuwa bisa rubutacciyar yarjejeniya. Na biyu shi ne hadisin Hakim ɗan Hizam, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Mai niyyar miƙa yarjejeniya ya kai takardar kanta wurin malamin da ya san mu'amala ya karanta. Wasu suna kauce wa matsalar ta hanyar sayen gidan a sunansu tukuna sannan su sayar, ko su nemi lasisi su karɓi la'ada a bayyane.

Bayan an sayar, saura me?

Haraji. Gidan da bai shekara a hannunka ba, ribarsa ana lissafa ta kamar albashi, kuma idan hukuma ta ɗauke ka a matsayin mai sana'ar, akwai ƙarin kashi 15.3 na mai aikin kansa. Rangwamen da ake yi na yafe haraji a kan ribar gida har dala 250,000 ga mutum ɗaya, ko 500,000 ga ma'aurata, na wanda ya zauna a gidan shekara biyu cikin biyar ne.

Saurin gamawa ma yana da iyaka. Hukumar FHA, wadda ke lamunce wa masu ƙaramin ƙarfi bashin gida, ba ta lamunce gidan da aka sake sayarwa cikin kwana 90 da saye. Idan gidanka na masu sayen gida karon farko ne, ka ƙirga kwanakin tun ranar da aka rubuta sunanka, ka sa ranar kai shi kasuwa ta faɗo bayan ta 90.