Gwajin Sikila Kafin Aure

Gwajin sikila kafin aure shi ne auna jinin saurayi da budurwa domin a san irin gadon da kowannensu yake ɗauke da shi: AA, AS ko SS. Idan mai AS, wato mai ɗauke da gadon ba tare da cutar ba, ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai amosanin jini. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a Najeriya duk shekara.

Masana ɗa'ar aikin likita ba su cika jayayya kan amfanin gwajin ba. Inda suka sha bamban shi ne wa yake da ta cewa bayan sakamako ya fito. Saudiyya ta wajabta gwajin a 2004, amma ta bar wa masu neman aure zaɓi. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024.

Abin da ya faru a Amurka ne ya sa ake taka-tsantsan. A 1968 masanin kimiyya Linus Pauling ya ba da shawarar a yi wa masu ɗauke da gadon zane a goshi, don su gane juna kafin su fara soyayya. Cikin shekarun 1970 an yi ta gwada baƙaƙen fata ba tare da cikakken bayani ba, wasu masu AS, lafiyarsu ƙalau, suka rasa aiki da inshora. Makarantar horar da hafsoshin sojan sama ba ta daina ƙin ɗaukarsu ba sai 1981.

Adrienne Asch, masaniya makauniya, ta yi suka kan gwajin da ake yi wa ɗan tayi don gano cuta ko naƙasa: a ganinta, duba siffa ɗaya a yanke hukunci kan mutum ɗungurungum yana nuna wa masu naƙasa cewa ba a so a haife su. Wannan suka tana da nauyi a gida ma. Yarinya mai SS takan ji ana ce mata "ba ta daɗewa", kuma ana fasa aure bayan an kai lefe, ita ce ake bari da tabon.

Shi ya sa masana ɗa'ar aikin likita suke nanata sirranta sakamako, da yi wa mutane bayani kafin gwaji da bayansa, da yin sa tun kafin magana ta yi nisa. Suna kuma jan hankali kan waɗanda aka riga aka haifa: gwajin jarirai, da penisilin, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da maganin haidiroksiyuriya duk suna rage mace-macensu.