Yaro mai in'ina: tambayoyin da na gaji da amsawa

Firgita ce ta jawo masa?

A'a. Ba kuma kwaikwayon wani ya yi ta kama shi ba. Sau da yawa gado ce, ku duba dangi.

Zai daina?

Galibi. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, kusan yara 5 cikin 100 na yin ta, yawancinsu kuma tana barinsu da kanta. Cikin manya kusan mutum 1 ne a 100, maza sun fi yawa.

In ce masa ya nutsu, ya ja numfashi?

Don Allah ku bari. Ku kuma daina ƙarasa masa magana. Yaro ya maƙale a "m-m-m", jijiyar wuyansa ta tashi, ke kuma kin yi caraf kin ce "Madara?" Abin da ya fahimta shi ne kin gaji da jiransa. Ki dube shi a ido, ki jira.

Ai ba ya yi idan yana waƙa, ko da gangan yake?

Haba! Ba da gangan ba ne. Haka masu in'ina suke, takan lafa idan suna waƙa.

Malami na sa shi karatu a gaban aji, in roƙa a cire shi?

To, nan ba ni da amsa guda. In an cire shi gaba ɗaya, zai samu sauƙi yau, amma ya ɗauka shi ba mai magana ba ne, gudun kuma ya bi shi har girma. In an tilasta masa ana dariya, wannan ya fi muni. Ni da za a bi tawa, a fara tambayar yaron, shi da abinsa. Wani ya fi son a kira shi da farko, saboda jiran layi ne ke kashe shi. Wani ya fi sakewa in su biyu ne ke karantawa tare, don in'ina takan lafa sosai a haka. Amma ya danganta da malamin. In shi kansa mai tsawa ne, ku fara da shi tukuna. Abin da ya yi aiki bana kuma ba lallai ya yi baɗi ba.

Zai iya zama wani abu kuwa?

Joe Biden da in'ina ya taso, ya zama shugaban Amurka a 2021. Kwantar da hankalinki.

Yaushe za mu ga mai gyaran magana?

In ta wuce wata 6, ko ya fara ƙifta ido yana yamutsa fuska, ko ya fara cewa "bar shi kawai" a tsakiyar zance. Wannan na ƙarshen kar ku jira ko mako guda.