Waiwaye: Yadda Aikin Gayya Ya Fara Koya wa Kwamfuta Hausa a Kano

A shekarun 1990, wanda ya zauna gaban kwamfuta a Kano zai rubuta "ƙasa", to "kasa" za ta fito masa, domin na'urar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Wasu sai sun buga takarda sannan su bi ta da biro suna yi wa haruffan ƙugiya. Wannan ta sa Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera haruffan kwamfuta masu lanƙwasa, ya raɗa musu suna Rabi'at da Abdalla, marubuta da masu buga littafi suka samu sauƙi. Mutum ɗaya ne ya ga matsala ya yi mata magani shi kaɗai, don a lokacin masu irin wannan damuwa a warwatse suke, ba su da inda za su haɗu.

Inda za a haɗun a hankali ya samu. Cibiyar bunƙasa fasahar sadarwa ta CITAD, ta Y. Z. Ya'u, ta faro ne da koyar da kwamfuta kafin ta faɗaɗa aikinta. A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, shagunan intanet suka yawaita, ɗalibi ya biya kuɗin awa ɗaya ya zauna jiran shafi ya buɗe. Titin Beirut da kasuwar waya ta Farm Centre suka zama makaranta a karan kansu, yaro ya koyi gyara a gaban ubangidansa kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira.

Gwamnati kuwa ta ɓangaren gini ta ɓullo wa lamarin. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau an tanadi dogon benen Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nassarawa don ya zama dandalin fasahar sadarwa. Da gwamnati ta sauya, benen ya koma mazaunin wucin gadi na Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012. Ba na cewa an yi asara, jami'a ma alheri ce. Amma binciken da daga baya ya fitar da sunan Kano a wannan fage ba daga bene ya fito ba. Daga mutane ya fito, waɗanda suka nemi juna. Cibiyoyi masu zaman kansu irin su Startup Kano da Blue Sapphire Hub sun ba matasa wurin zama mai wuta da intanet, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Babban sauyi ya zo ne ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, kuma duk wanda ya gwada ta a lokacin ya ga gurguwar Hausa. Dalilin a fili yake: na'ura daga tarin rubutu take koyo, namu kuma kaɗan ne a intanet. A 2017 aka fara taron masu binciken ƙirƙirarriyar basira na Afirka, Deep Learning Indaba, a Afirka ta Kudu, a 2019 kuma ƙungiyar Masakhane mai koya wa kwamfuta harsunan Afirka ta kafu, sunan da ke nufin "mu gina tare" da harshen Zulu. Ba ta tambayar digirinka. In ka iya harshenka, kana da abin bayarwa. Cikin wannan yanayi HausaNLP, ƙungiyar masu koya wa kwamfuta Hausa, ta tashi, da malamai irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad da Ibrahim Said Ahmad na Jami'ar Bayero, da Idris Abdulmumin daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Aikinsu na NaijaSenti, wanda ya fito a 2022, ya cancanci a tsaya a kansa. An tattaro saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe cikin huɗu: Hausa, Yarabanci, Ibo da Turancin buroka. Kowane saƙo mutum uku ne ke karanta shi, kowa ya yanke hukunci ko yabo ne, ko suka, ko tsaka-tsaki, a ɗauki ra'ayin da ya rinjaya. Ka ɗauki "ka kyauta". Godiya ce a bakin wanda aka yi wa alheri, gatse ce a bakin wanda aka ɓata wa. Ga habaici, ga Ingausa, ga masu rubutu ba ƙugiya. Babu injiniyan da zai warware wannan daga Amurka. Sai wanda ya sha harshen a nono. Masu wannan karatu, waɗanda ba kasafai ake jin sunayensu ba, su ne 'yan gayyar gaskiya, kuma ina ganin sun fi cancantar yabo fiye da yadda ake ba su. A 2023 aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti mai harsunan Afirka 14, masu bincike daga ƙasashe da dama suka yi gasa a kansa. Waɗannan malamai suna cikin waɗanda suka buɗe Arewa Data Science Academy, inda ake koyar da matasa kyauta ta intanet. Ko a 2022, da yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'i wata takwas, irin wannan haɗuwa ba ta buƙaci a buɗe ƙofar aji ba.

Sai dai gayyar tana tsaye ne a kan ƙasar aro. Kuɗin NaijaSenti daga asusun Lacuna na waje ya zo. A 2023 Twitter ya rufe ƙofar da masu bincike ke ɗibar saƙonni kyauta, rijiyar da aka sha ta ƙafe dare ɗaya. Da yawa daga cikin jagororin suna karatu ko aiki a ƙasashen waje, don can ne ake da manyan na'urori da tallafin bincike.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dukiyar da ke gida. Cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. Ga kundayen digiri na sashen harsuna, ga littattafan marubutan Kano masu ɗimbin yawa, ga shekaru na shirye-shiryen Rediyon Kano da Freedom a ajiye. Mafi yawansu ba su cikin sigar da na'ura za ta iya karantawa. Shigar da su zai buƙaci yardar masu su da biyan haƙƙinsu, kuma zai buƙaci malamin nahawu da ɗalibin kwamfuta su zauna a tebur ɗaya na tsawon watanni.