"Ai ba a taɓa shi ba": kuskuren da ake yi kan yaran unguwar da ake faɗan daba

Idan 'yan daba suka kaure a unguwa, iyaye kan duba jikin yaro, ba sara ba jini, sai a ce Allah ya kiyaye. Amma yaron ya ji a jikinsa.

Da yaro ya ji ihu ko ya hango gora da adda, wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda kan saki sinadaran adiranalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, narkewar abinci ta tsaya. Na rana ɗaya galibi yakan wuce. Matsalar ita ce maimaici: jiki ya kasa komawa daidai.

Barci na cikin abubuwan da ke lalacewa. Ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10, mai kwana da kunne a ƙofa kuwa ba ya samu. Sai ciwon kai, ciwon cikin da awo bai nuna komai ba, fitsarin kwance bayan an daina. Mai asma, tarinsa kan yawaita.

Kada a ce shagwaɓa ce, balle a doke shi. In abin ya wuce wata guda, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da yaron ya gani.